Sabo ko Halacci? Nazari a kan Fim ɗin Hachi: A Dog's Tale

Dalilin wannan rubutu tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a aji, a ranar da muke karanta babin wafa'i cikin darasin kyawawan ɗabi'u. Ta ce, "Malam, na kalli wani fim a kan kare, na yi kuka har na ji kunyar kaina. Shin ya dace Musulma ta zubar da hawaye saboda kare? Kuma abin da karen nan ya yi, shi ne wafa'in da kake karantar da mu?" Tambaya ta farko na amsa mata ita nan take, domin ba ta da wuya. Ta biyun ce ta sa na nemi fim ɗin na kalla, sau ɗaya tare da 'ya'yana, sau ɗaya ni kaɗai da alƙalami a hannu. Abin da ke biye shi ne amsar da na kasa bayarwa a ranar.

Fim ɗin shi ne Hachi: A Dog's Tale, wanda ya fito a 2009. Lasse Hallström, mutumin Suwidin, shi ne darakta, Richard Gere da Joan Allen kuma su ne manyan 'yan wasan. Tsawonsa awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Sabuntawa ce ta wani fim ɗin Japan mai suna Hachiko Monogatari na 1987, sai dai an ɗauke labarin daga Tokiyo an dasa shi a wani ƙaramin gari na ƙirƙira a jihar Rhode Island ta Amurka.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Parker Wilson, farfesan kiɗa da ke hawa jirgin ƙasa kullum zuwa wurin aiki, ya tsinci ɗan kwikwiyo a tasha wata rana da dare. An turo kwikwiyon ne daga Japan, kejinsa ya faɗo, adireshin da ke jiki ya yage. Matarsa Cate ta ƙi yarda a ajiye shi, daga baya ta sauko. Abokinsa Ken, farfesa ɗan asalin Japan, ya karanta alamar da ke wuyan karen ya ce lamba takwas ce, wadda ake kira "hachi" da harshensu, sunan kuwa ya bi shi. Da ya girma sai ya riƙa raka maigidansa tasha da safe, ya dawo ya tarye shi da ƙarfe biyar na yamma. Wata rana Parker ya yanke jiki ya faɗi a gaban ɗalibansa, bai sake tashi ba. Hachi ya ci gaba da zuwa tashar kowace yamma, shekara kusan goma, har ya tsufa ya mutu a wurin.

A gaskiya ta fuskar sana'a fim ɗin ya fi abin da na zata. Hallström bai sa karen ya yi abin al'ajabi ba. Bai ceci yaro daga gobara ba, bai kama ɓarawo ba, ba a kuma ɗora masa muryar mutum ba. Makamin daraktan kawai maimaici ne: ƙofar tasha tana buɗewa, fasinjoji suna fitowa, kan kare yana ɗagowa, ƙofa tana rufuwa. Itacen da ke bayansa yana zubar da ganye, dusar ƙanƙara tana sauka, ganye yana sake tohowa. Kiɗan piyano na Jan Kaczmarek yana juya 'yan sautuka kaɗan ba ya gajiya da su. Lokaci-lokaci kyamara takan sauko daidai idon karen, launuka su dushe, mu ga duniya ta ƙafafun mutane da bakin riguna. Akwai kuma batun ƙwallo, wanda aka shuka tun farkon fim aka girbe a tsakiya. Parker ya yi ta fama ya koya wa Hachi ɗauko ƙwallo, har da rarrafe da ƙwallon a bakinsa, karen ya ƙi. Ken ya gaya masa cewa irin wannan kare ba ya yin haka don faranta wa kowa, in ya yi to da dalili. A safiyar da Parker zai rasu ne Hachi ya ɗauko ƙwallon, karo na farko kuma na ƙarshe. Wannan ƙulli ne mai kyau a labari, ko da yake yana ɗauke da ishara cewa dabbar ta hango ajali, abin da ba mu da hujjar ɗora shi a kan kowace halitta.

Inda nake da ja shi ne firam ɗin da aka saka labarin a ciki. Fim ɗin yana buɗewa da jikan Parker a gaban 'yan ajinsu, an ce kowa ya kawo gwarzonsa, shi kuma ya rubuta sunan Hachi a allo. Yana rufewa da yaron nan yana bayyana darasin: karen ya koya masa ma'anar halacci, da cewa bai kamata mutum ya manta da wanda ya ƙaunata ba. Wato abin da kyamara ta nuna a matsayin hali na dabba, baki ya mayar da shi abin koyi ga ɗan Adam. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata, kuma a cikin ratar nan tambayar ɗalibata take.

Hachiko na tarihi

Kafin hukunci, ya kamata a koma ga asalin. An haifi Hachiko a ƙarshen 1923 kusa da garin Odate a lardin Akita da ke arewacin Japan. Maigidansa, Hidesaburo Ueno, farfesa ne a sashen aikin gona na Jami'ar Daular da ke Tokiyo. Zamansu tare bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba, domin Ueno ya rasu a wurin aiki ranar 21 ga Mayu, 1925, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. Karen ya ratsa gidaje kafin ya zauna a hannun mutumin da ke kula da lambun marigayin, daga can yake zuwa tashar Shibuya. Ya mutu ranar 8 ga Maris, 1935.

Shekarun farko ba su yi kama da na fim ba. Ba kowa ne a tashar ya yi maraba da shi ba, akwai masu korarsa da masu tsokanarsa. Al'amarin ya juya ne a watan Oktoba na 1932, lokacin da jaridar Asahi ta buga labarinsa bisa ƙoƙarin Hirokichi Saito, wanda ya kafa ƙungiyar kare asalin karnukan Japan. Daga nan mutane suka fara kawo masa abinci suna shafa kansa. A watan Afrilu na 1934 aka kafa masa mutum-mutumin tagulla a gaban tashar, yana raye, har an kawo shi wurin bikin.

Mai karatu ya lura da shekarun. A 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuriya, a shekarar ne kuma hukuma ta sanya karen Akita cikin abubuwan gado na ƙasa. Laƙabin da aka ba Hachiko, "chuken", yana ɗauke da kalmar nan da ake amfani da ita wajen biyayyar bawa ga ubangidansa da ta talaka ga sarki. A tsakiyar shekarun 1930 labarinsa ya shiga littafin tarbiyya na 'yan aji biyu na firamare, a ƙarƙashin darasin kada a manta da alheri. Masanin tarihi Aaron Skabelund ya bi diddigin wannan a littafinsa Empire of Dogs na 2011, inda ya nuna yadda aka yi amfani da karen wajen cusa wa yara biyayya ga daula. Yaran da suka karanta darasin su ne suka kai shekarun aikin soja a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Shi kansa mutum-mutumin bai tsira ba: a 1944 aka narkar da shi saboda buƙatar ƙarfe ta yaƙi, wanda ke wurin yanzu na 1948 ne.

Ba laifin karen ba ne, ba kuma laifin Hallström ba. Amma tarihin ya isa ya nuna cewa halaccin da ba ya tambayar wa ake yi wa, kuma a kan me, kaya ne da kowane mai iko ke son saye. Fim ɗin Amurka ya wanke labarin daga wannan tarihi, ya bar darasin yadda yake.

Akwai wata ƙaramar muhawara da ta daɗe a Japan. Da aka buɗe cikin karen bayan mutuwarsa an tarar da tsinkunan tsiren kaza, sai wasu suka ce ashe tsire yake zuwa ci, ba jiran kowa yake ba. Masu kare shi suka ce ai ya shekara bakwai yana zuwa kafin a san shi a fara ba shi. Ni dai ban ga abin da wannan gardama za ta warware ba. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma ko sabon na tsire ne ko na fuskar maigida, tambayar da ta shafe mu tana nan: shin sabo da halacci abu ɗaya ne?

Kare a wurin malamanmu

Tambayar ɗalibata ta farko ta fito ne daga wani zato da ya yaɗu a tsakaninmu, cewa kare a Musulunci abin ƙyama ne kawai. A harshenmu ma sunansa zagi ne. Nassoshi sun fi wannan faɗi. Gaskiya ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Ya tabbata kuma a wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai. Amma a cikin littattafan nan biyu aka ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. A nan aka ruwaito na macen banza daga Bani Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan aiki. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, har Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da ita a kan falalar ilimi, tun da an bambanta kamun kare mai horo da na jahilinsa. Suratul Kahfi kuwa ta ambaci karen samarin kogo yana shimfiɗe da zira'insa a bakin ƙofa, ta kuma lissafa shi tare da su duk lokacin da ta kawo saɓanin mutane a kan adadinsu. Ibnu Kasir ya lura cewa albarkar zama da mutanen kirki ce ta shafe shi har ya samu ambato.

Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi sauƙi a wannan babi. A wurinta kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bauta ce da ba a ɗora ta a kan najasa ba, saɓanin Shafi'iyya da suke ganin najasarsa mai kauri ce. Mudawwana ta hakaito cewa Imamu Malik yana kallon kare kamar ɗaya daga mutanen gida, ba kamar sauran namun daji ba. Duk da haka Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ta hana ajiye shi a gidaje sai don gona ko dabbobi ko farauta. Masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka irin zaman da Parker ya yi da Hachi, kare na sha'awa da ke shiga har cikin ɗaki, ba abin da fiƙihunmu zai yarda da shi ba ne, kuma uba Musulmi yana iya faɗa wa 'ya'yansa haka a jimla ɗaya. Amma tausayin da ya sa ɗalibata kuka, daga cikin addininta ya fito, ba ta da abin jin kunya.

Abin da ya fi kusa da fim ɗin a turasinmu shi ne adabi. Jahiz, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya cika wani babban yanki na Kitabul Hayawan da gardama tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara. Bayansa Muhammad bin Khalaf Ibnul Marzuban na Bagadaza, wanda ya rasu a 309, ya rubuta ɗan littafi da sunansa kaɗai ya isa huɗuba: Fadlul Kilab ala Kasirin mimman Labisas Siyab, wato fifikon karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi. A ciki akwai labarin karen wani sarki da ya ga maciji ya zuba dafi a abincin maigidansa, ya yi haushi ba a gane ba, sai ya cinye abincin ya mutu, sarkin ya gina ƙubba a kan kabarinsa. Ba duk abin da ke littafin ne ya inganta ba ta fuskar ruwaya, kuma ba don haka aka rubuta shi ba. Wanda ya karanta shi zai ga cewa wani yankinsa kuka ne a kan lalacewar abota da yawan butulci a zamanin marubucin. Kare a wurinsa bulala ce ta dukan mutane. Haka siffofi goma na kare da littattafan zuhudu ke jingina wa Hasanul Basri, irin su ƙana'a da ƙarancin barci da rashin ƙaurace wa maigida ko ya dake shi. Malaman nan suna cewa ne: ka ji kunya, dabba ta fi ka. Ba su taɓa cewa dabbar ta san abin da take yi ba, ko a kwaikwayi aikinta yadda yake. Wannan shi ne matakin da jikan Parker ya taka, su ba su taka ba.

Wanda bai san mutuwa ba

Me ya sa Hachi yake jira? Amsar da fim ɗin kansa ya bayar, in aka bi hotunansa aka bar jawabin yaron, ita ce bai san maigidansa ya mutu ba, kuma babu hanyar sanar da shi. Akwai wurin da ma'aikacin tashar ya dube shi ya gaya masa cewa ba sai ya ci gaba da jira ba, mutumin ba zai dawo ba. Karen ya kalle shi, ya mayar da ido ga ƙofa. Wannan shi ne wuri mafi ciwo a fim ɗin, kuma ciwon daga nan yake: mu mun sani, shi bai sani ba. Abin da ke motsa mai kallo rahama ce ga halittar da aka rufe wa ƙofar labari. Rahama kuwa daban, koyi daban.

Wafa'i a ma'anarsa ta shari'a da ta ɗabi'a aiki ne na mukallafi. Yana buƙatar sanin haƙƙin da ke kanka, da ikon saɓa masa, da niyyar cika shi. Game da mamaci, wafa'i yana farawa ne daga inda jira ya ƙare, wato daga yarda cewa ya tafi. Babu misalin da ya fi ranar wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 11 bayan Hijira. Sayyidina Umar, saboda tsananin ƙauna, ya tsaya a masallaci yana musun rasuwar, yana cewa zai dawo. Sayyidina Abubakar ya iso daga Sunhu, ya shiga ya buɗe fuskar Manzo ya sumbace shi, ya fito ya rarrabe wa mutane tsakanin wanda ya rasu da Wanda ba Ya mutuwa, ya karanta aya ta 144 ta Ali Imrana. Umar ya ce da ya ji ta ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. A cikin sa'ar nan Umar yana tsaye ne a bakin tasha, Abubakar ne ya dawo da shi gida. Sannan a dubi abin da Abubakar ya yi bayan haka: ya tura rundunar Usama da Annabi ya ƙulla wa tuta, da dukiyar Bahraini ta iso kuma ya sa aka yi shela cewa duk wanda Annabi ya yi wa alkawari ko yake binsa bashi ya zo, Jabir bin Abdullahi ya zo aka cika masa. Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya.

Haka Annabi ya yi wa Nana Khadija. Bai zauna a bakin kabarinta ba. Ya yi aure, ya yi hijira, ya kafa al'umma, amma in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta, yana yawan ambatonta har Nana A'isha ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ba ta taɓa zama da ita ba. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne. Hadisin Abu Usaid da ke wurin Abu Dawuda, duk da maganar da aka yi a kan isnadinsa, ya jera abin da ya rage na biyayya ga iyaye bayan rasuwarsu: addu'a, da nema musu gafara, da zartar da alkawarinsu, da sada zumuncinsu, da girmama abokansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan motsi ne zuwa ga rayayyu ko zuwa ga Allah. Babu zama a cikinsu.

Shari'a ma ta yanka wa baƙin ciki wa'adi. Zaman makoki kwana uku ne, sai matar da mijinta ya rasu, ita ce mai takaba wata huɗu da kwana goma. Ummu Habiba, da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, ta sa an kawo mata turare bayan kwana uku ta shafa, ta ce ba don tana da buƙatarsa ba, sai don ta bi wannan iyaka. Mas'alar da ta fi kama da halin Hachi ita ce ta matar wanda ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Muwaɗɗa ta kawo hukuncin Umar cewa ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda ta rasuwa, sannan ta halatta ga wani, Malikiyya kuma suka ƙidaya shekarun daga lokacin da alƙali ya bincika ya gaza samun labari. Wannan ba tsohuwar mas'ala ba ce a wurinmu, duba da matan da rikicin arewa maso gabas ya raba da mazajensu ba gawa ba labari. Macen da ke cikin wannan hali, in aka nuna mata Hachi a matsayin gwarzo, an ɗora mata nauyin da Allah bai ɗora mata ba. Shari'a ta tausaya mata ta buɗe mata ƙofa, kada adabin fim ya zo ya rufe.

Mai karatu zai iya kawo Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi shekaru yana begen Yusuf har idanunsa suka yi fari. Amma Suratu Yusuf ta bayyana cewa ya san wani abu daga Allah da 'ya'yansa ba su sani ba, Yusuf kuwa yana raye. Jiransa a kan ilimi yake, kuma bai hana shi tura 'ya'yansa su je su nemo labari ba. Na Hachi jiran gawon shanu ne, duk kyawunsa.

Su wa suka yi halacci?

Da na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, sai na ga cewa akwai masu wafa'i a cikinsa, yaron ne bai rubuta sunansu a allo ba. Akwai Jasjeet, mai teburin abinci da gahawa a ƙofar tashar, wanda ya shekara goma yana ciyar da karen abokin cinikinsa da ya mutu, ya kuma ɗauki alkawarin kula da lafiyarsa. Shi ya san Parker ba zai dawo ba, ba ya tsammanin godiya daga kowa, yana da ikon ya kau da kai. Aikinsa ya haɗa sada zumuncin mamaci da shayar da mai ƙishirwa. Akwai Ken, da ya karanta labarin a jarida ya taso ya zo ya zauna kusa da karen yana yi masa magana da harshen Japan. Akwai mahauci da mai kantin littattafai. Fim ɗin ya ba su 'yan daƙiƙu, su ne kuwa suka yi abin da ake iya koya.

Sai 'yar Parker, Andy, wadda ta ɗauki karen zuwa gidan mijinta, da ya yi ta gudu sai ta buɗe masa ƙofa ta sallame shi. Fim ɗin ya nuna wannan a matsayin fahimta da girmama zaɓin dabba. Ban gamsu ba. Daga ranar karen ya koma kwana a ƙarƙashin tsohon taragon jirgi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. A fiƙihunmu ciyar da dabbar da ka mallaka da ba ta mafaka wajibi ne a kanka, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa sananne ne. Ita ta tsare ta hana abinci, wannan ta saki, ba ɗaya ba ne, amma tambayar wa ke da alhakin karen bayan maigidansa ta cancanci a yi ta, fim ɗin kuwa ya lulluɓe ta da kiɗa. Hachiko na gaskiya ma ya fi na fim gata a nan, tun da yana da gidan da yake komawa.

Game da rufewar labarin, inda karen ke lumshe ido cikin dusar ƙanƙara sai ga Parker ya fito daga ƙofar tasha cikin haske yana kiransa, ana iya karanta shi a matsayin mafarkin dabba mai gargara, ana iya karanta shi a matsayin haɗuwa a lahira. Ƙaramin ɗana na biyun ya fahimta, ya tambaye ni ko karnuka suna shiga Aljanna. Abin da muke da shi shi ne aya ta 38 ta Suratul An'am, da ta nuna dabbobi al'ummu ne irinmu kuma za a tattara su zuwa ga Ubangijinsu, da hadisin Muslim a kan sakayya tsakanin tunkiya mai ƙaho da marar ƙaho. Ruwayoyin tafsiri a ƙarshen Suratun Naba'i sun ce bayan sakayyar za su zama turɓaya. Maganar shigar karen samarin kogo Aljanna tana cikin wasu tafsirai, amma ba ta da tushe daga Annabi. Na gaya masa iyakar wannan, na ƙara da cewa ba a zaluntar kowa a wurin, ko kare ne. Bai ji daɗin amsar kamar yadda ya ji daɗin fim ɗin ba.

Wurin da na fi so ya zo kafin wannan da kaɗan. Cate, wadda ta sayar da gidan ta bar garin bayan rasuwar mijinta, ta dawo bayan shekara goma don ziyarar kabarinsa. A hanyarta ta komawa ta hango Hachi a inda ta san shi, ya tsufa, gashinsa ya yi datti, yana tafiya da ƙyar. Joan Allen ta yi wasan nan ba tare da ɗaga murya ba. A fuskarta akwai kunya, kamar wadda aka kama da laifin ci gaba da rayuwa, kuma na tabbata masu kallo da yawa haka suka hukunta ta. Ni ban ga laifinta ba: ta yi makokinta, ta tashi, ta riƙe 'yarta da jikanta, ga shi kuma ta dawo kabarin. Ta durƙusa ta rungume karen, ta nemi izninsa ta zauna tare da shi su jira jirgi na gaba. Jirgi ɗaya ta ce.